Ƙwacen salula da moto a Maraɗi: ya yi kururuwa, ba wanda ya buɗe ƙofa

Ɗiyar_ƊanGulbi

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a nan ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya ci ni. Daren Laraba, bayan isha'i da kamar awa guda, ƙanena ya rufe butik ɗin da yake tsaro wajen babbar kasuwa ya kamo hanyar gida bisa moto. Ya bar kwalta ya shigo lungunmu, daidai inda yashi ke kama taya dole mutum ya rage gudu, sai ga samari uku bisa moto guda sun sha gabansa. Ɗaya ya riƙe kan moton, ɗaya ya ce kawo salula. Yaro ne, shekararsa 22, sai ya dafe aljihu. Nan take aka sare shi, tun daga gwiwar hannu har kusa da wuyan hannu. Suka tafi da salular, da moton da bai gama biya ba, da jika 38, wato sefa dubu 38, na cinikin ranar.

Saran yana warkewa, alhamdu lillahi, ɗinki 14 aka yi masa. Abin da ya hana ni barci daban ne. Ya ce ya yi ta kururuwa, "ɓarayi, jama'a ku taimaka", yana ganin hasken fitila ta ƙarƙashin ƙofofi, har ya ji an rage muryar rediyo a wani gida, amma ba wanda ya leƙo. Lungun da aka haife mu ne fa. Gidajen da muka ci tuwo a cikinsu muna yara. Da kansa ya naɗe hannun da rigarsa ya tako har gida. Da safe na fita, na bi ɗigon jininsa a yashi tun daga ƙofarmu har inda abin ya faru, na ƙirga gida bakwai.

Ina tambayar ku tsakani da Allah: haka Maraɗi ta koma, ko mu ne tsautsayi ya faɗa wa? Kuma in kai ne a ɗaki ka ji wannan kururuwa, za ka fito?

Ummin_Tagwaye

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sannu ƴar'uwa, Allah ya ba shi lafiya, ya mayar masa da mafi alheri. Jikina ya yi sanyi da na karanta gida bakwai.

Ɗan_Mokoyo

Allah ya kiyaye gaba. Ba ku kaɗai ba ne. Watan jiya an yi wa maƙwabcinmu irin haka yana dawowa daga kallon ƙwallo, shi dai bai yi gardama ba, ya miƙa, shi ya sa ba su taɓa shi ba.

MaiKabuKabu_Tasha

Yaya, ki gaishe mini da shi. Ni shekara tara ke nan ina kabu-kabu, kuma abin da zan hwaɗa a jikina na gani. Bara da sanyi wani ya tsai da ni bakin tasha wajen ƙarfe tara da rabi, da riga mai kyau da hula, ya ce in kai shi can bayan Ali Ɗan Tsoho, inda ake sabbin gine-gine. Bai yi cinikin kuɗi ba, abin da na ce shi ya amsa. Da na yi hankali, nan ya kamata in gane. Muna barin haske sai na ji abu mai sanyi bisa wuyana, ya ce in tsaya sannu. Mutum biyu sunka hito daga wani kango. Sunka kwantar da ni, sunka ɗaure mini hannu da igiyar da nike ɗaure kaya, sunka tahi da moton, Kasea ta mai gidana. Wata goma sha ɗaya na yi ina biyan moton da ba ni da ita.

Yanzu ƙarfe tara ta yi na kulle, ko nawa za a ba ni. Wanda ya hi ciwo shi ne, mu ake yankawa kuma mu ake zargi. Mace ta ga ka rage gudu kusa da ita sai ta rungume jaka. Ban ga laifinta ba, don masu ƙwacen bisa moto suke zuwa. Amma ku sani ɗan kabu-kabu na gaskiya yana da tashar da yake tsayawa, abokansa sun san shi, sun san gidansu. In dare ya yi, ku hau na tasha, kada ku tare wanda ke wucewa kawai.

Gaskiya_Ɗaci

Ki yi haƙuri da abin da zan ce, ƴar'uwa, tunda kin ce tsakani da Allah. Ni ba zan fito ba. Ina da mata da ƴaƴa huɗu, babbansu bai kai goma ba. Abin da ke ɗakina mafi kama da makami shi ne taɓarya. Su uku ne, da adda, kuma mai yiwuwa sun sha abin da ba sa jin kira. In na fito aka sare ni, wa zai ciyar da gidan? Sannan akwai abin da mutane ba sa faɗi: wani lokaci kururuwar ma dabara ce, a sa ka buɗe ƙofa a afka maka. Ba ina wanke maƙwabtanku ba ne, ni ma da na rubuta wannan kunya nake ji. Amma in na ce miki zan fito na yi ƙarya.

Ɗiyar_ƊanGulbi

Na gode da ba ka ɓoye ba, Gaskiya_Ɗaci. Ban ce kowa ya fito ya rungumi adda ba. Amma ko daga cikin gida ba a iya buga kwano? Ba a iya haska tocila ta kan katanga, a ɗaga murya? Bayan sun tafi fa, da yake zaune a ƙasa shi kaɗai?

Baba_na_Bagalam

Ɗiyata, Allah shi ba yaro lahiya. Ni tsoho ne, jikana ke rubuta mini abin da nike hwaɗi. Ina son ku yaran yanzu ku san garin da kuke ciki. Maraɗi gari ne da anka kafa don tsaron kai. Da Katsina ta hwaɗi hannun masu jihadi a 1807, sarakunan Haɓe sunka hito, har Ɗan Kasawa ya zauna nan wajajen 1819. Shi ya sa har gobe ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Mutanen da sunka zauna cikin kwarin gulbi, da ganuwa kewaye da su, ga Gobirawa can Tibiri ana dafa wa juna, ba mutanen da ke jin kururuwa su ja bargo ba ne. Zamanin Ɗan Baskore sunan garin ga kaɗai ya isa.

Mahaifina ya ga ambaliyar 1945, wadda ta cinye tsohon gari har anka hau tudu inda muke yanzu. Ya ce da anka tashi, unguwa-unguwa anka tashi, Bagalam, Ƴandaka, Maraɗawa, Mokoyo, Limanci, Ɗan Gulbi, kowa da mai unguwarshi da maƙwabcinshi na da. Mu da munka tashi a nan, baƙo bai kwana unguwa mai unguwa bai sani ba. Kowane gida da zaure, kowane zaure da tsoho bisa tabarma har dare ya raba. Ɓarawo akwai shi, ban ce babu ba, amma na tsallaka katanga ne ya ɗauki akuya ko tukunya, in an ganai ya ruga. Wanda zai tsaya gabanka ido da ido ya sare ka don abin da ke aljihunka, cikin gari, wannan ban san shi ba sai da girma ya kama ni.

Ku duba gidajenku na yanzu. An rushe zaure an yi butik, ko an sa ƙyauren ƙarhe mai makulli uku. Wa ke zaune waje da zai ga mai shiga lungu?

Ɗalibin_Jami'a

Baba, Allah ya ƙara girma, mun ƙaru. Sai dai ina neman izini in ƙara abu guda. Garin da mai unguwa ke sanin kowane baƙo ƙarami ne. Ƙidayar 2012 ta ba birnin Maraɗi mutum sama da dubu 260, kuma kowa ya ga yadda gari ya miƙe tun daga lokacin. Ku je unguwar Zariya, ku je bayan jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, filayen da ake noma gero da muna firamare duk sun zama gidaje. Rabin mutanen layinmu haya suke, wani wata shida ya tashi. Ni kaina ban san sunan wanda muke haɗa katanga da shi ba. Ga kangaye da ba a gama ba, ga lungu babu fitila ko ɗaya. To amma abin da ya ba ni tsoro a labarin Yaya shi ne a Ɗan Gulbi ya faru, tsohuwar unguwa, inda aka san juna. Ke nan ba rashin sani kaɗai ba ne.

Sai_Nijar227

Ku daina kewaye-kewaye. Duk wannan daga ƙetare ya shigo mana. Mu ba mu san sara-suka ba sai da aka bar iyaka a buɗe kowa na shigowa.

Bamadarumfe

Ɗan'uwa Sai_Nijar227, ka haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Ni mutumin yankin Madarumfa ne, ƙauyenmu ba shi da nisa da Gabi. Abin da ke damunmu can ƴan bindiga ne, masu zuwa da dare su kore shanu, su ɗauki mutum sai an biya fansa, su shige dajin Baban Rafi ko su tsallaka. Wannan kam yana da alaƙa da abin da ke faruwa a Zamfara da Katsina da Sakkwato, ba mai musu. Su ma mutanen da suka gudo tun 2019 suka zauna wajen Gidan Rumji, wannan wutar ce ta koro su, ba su suka kunna ta ba.

Amma yaron da ya san a wane lungu yashi ke kama taya, ya san ƙarfe nawa mai butik ke rufewa, ya san wace ƙofa ba za a buɗe ba, wannan ba daga Jibiya ya zo ba. Ɗan gari ne. Wataƙila ya taɓa sayen sigari a butik ɗin. Kuma wace iyaka za ka rufe tsakanin Maraɗi da Katsina? Kakata ƴar Jibiya ce, rabin ƴan kasuwarmu can suke da surukai. An ma rufe ta ai, daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan 26 ga Yulin 2023 lokacin takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma. Ƙwace ya tsaya? Abin da na gani da idona shi ne samarin da ke cin abinci a hanyar Ɗan Isa, masu lodi da masu dako, sun dawo gari hannu rabbana.

Ɗan_Mokoyo

Ka tuna mini. Ƴan ruwa-ruwa, masu sayar da mai a kwalba, ma haka. Tun da Nijeriya ta cire tallafin mai a 2023, teburan kwalabe nawa suka ɓace a bakin hanya? Ƙanen matata da shi yake riƙe da kansa, yanzu zaman fada kawai yake. Shi dai bai ɗauki na kowa ba, Allah ya tsare shi, amma ba kowa ke da uwa irin tasa ba.

MaiGyaranSalula

Ku bar ni in yi magana a kan sana'ata, don duk salular da aka ƙwace ƙarshenta teburin irinmu take zuwa. Yaro zai zo da sassafe da waya mai tsada, ba kwali, ba caja, ba pus a ciki, ya ce ya manta kod, a goge masa. Ka ce ya kira lambar wani da ke ciki, ya kasa. Ka ce ina takardar saye, ya ce yayansa ya aiko masa daga Libiya. Ni na daina karɓa, wallahi, tun ranar da aka kawo mini wata na buɗe bayanta na ga busasshen jini a ramin caji. Amma in na ƙi, tebur na gaba zai karɓa. In ta ƙi buɗuwa a farke ta, a sayar da gilashi daban, batir daban.

Abin da nake roƙon kowa ya yi yau, ba gobe ba: ka danna *#06# a wayarka, lamba mai tsawo za ta fito, alƙaluma 15, ita ce IMEI. Tana jikin kwali ma. Ka rubuta ta a takarda ka ajiye gida, kada ka ajiye ta cikin wayar. Ko an canja pus, wannan lamba tana nan, kuma ita ce za a fara tambayarka in ka kai ƙara. Ranar da aka ƙwace, ka je ofishin kamfanin layinka da katin ɗan ƙasa a rufe pus ɗin a ba ka sabo da lambarka, ka buɗe WhatsApp a wata wayar, ta hannunsu za ta fita da kanta. In ka yi jinkiri sai su bi ƴan'uwanka da saƙo, "ina likita, turo mini jika 20", a tura ta Nita ko Amana ana zaton kai ne.

Yaya Ɗiyar_ƊanGulbi, kwalin wayarsa yana nan?

Ɗiyar_ƊanGulbi

Yana nan, Inna ce ta ajiye zare da allura a ciki. Na ga lambar a gefe. Allah ya saka da alheri, ban san amfaninta ba sai yau.

Hajiyar_Atamfa

Maganar mai gyara ta taɓa ni, don ni ma ina da laifi. Shekara biyu da suka wuce na saya wa ɗiyata waya a hannun wani yaro a bakin kasuwa, wadda ake sayarwa jika 80 ya ba ni a 30. Zuciyata ta gaya mini, na danne ta, na ce arziƙina ne. Yau da na karanta ɗinki 14 sai na ce wa ya sani ko hannun ɗan wa aka sara kafin ta iso gidana. Astagfirullah. Mu masu sayen na banza mu ne kasuwarsu.

Mu mata kuma namu salon daban ne. Ranar Litinin da Juma'a, da kasuwa ta cika, ko lokacin biki an fito da gwal, sai a fizgi jaka daga kan moto. Wata abokiyar cinikina ta rataya jakar a wuya, da suka ja sai suka haɗa da ita, ta sha ƙasa, haƙoranta biyu suka fita. Ni yanzu kuɗin ciniki ba ya kwana jikina, kafin la'asar na tura shi. Jakar da ke hannuna goro ne da carbi a ciki.

Sai_Nijar227

To na ji, ƴan gari ne. Maganinsu ɗaya: duk wanda aka kama a gama da shi nan take. A yi wa biyu haka, sauran za su shiga taitayinsu. Kai su komisariya ɓata lokaci ne, jibi ka gan su a fada suna shan shayi.

Malam_na_Limanci

Subhanallah. Ɗana, ka janye wannan magana. Musulunci bai raina laifin nan ba. Tare hanya da makami a karɓi dukiyar mutane shi ne hiraba, kuma hukuncinsa a aya ta 33 cikin Suratul Ma'ida yana daga mafi tsanani. Amma hukuma ke tsai da shi, bayan shaida da bincike, ba taron da ya fusata ba. Na taɓa tsayawa a kan wani yaro da aka yi wa rubdugu kusa da wani masallaci, an ce ya ɗauki waya. Ina riƙe da kansa jini na zuba a rigata, sai ga mai wayar ya dawo yana cewa ya same ta a aljihun moto. Waɗanda suka yi dukan duk sun watse, ba wanda ya tsaya ya ce ni ne. Yaron har yau kunnensa guda ba ya ji.

Ku lura da abin mamaki. Mutum ɗaya yana kururuwa cikin dare, ba mai fitowa. Amma a ce an kama ɓarawo da rana, ya riga ya faɗi ƙasa, mutum ɗari za su taru kowa da dutse. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce ka taimaki ɗan'uwanka ko shi ke zalunci ko shi ake zalunta, kuma ya bayyana cewa taimakon azzalumi shi ne ka hana shi. Hanawa aka ce. Ku kama, ku ɗaure, ku miƙa.

Infirmiya_Zariya

Ina aikin dare a likita, irin waɗannan raunuka suna zuwa hannunmu. Yawanci a hannu ne, don mutum hannu yake ɗagawa ya kare fuska. Yaya, ki duba mini abu guda: yana iya lanƙwasa yatsunsa duka, yana jin taɓi a kowanne? In akwai wanda ya yi sanyi ko ya ƙi motsi, ku koma a duba jijiya, kada ku ce sai ɗinki ya warke. Ku tabbata an yi masa allurar tetanus.

Ga jama'a kuma, don Allah in kun samu wanda aka sara, ku nemi ƙyalle mai tsabta ku danne wurin da ƙarfi, ku ɗaga hannun sama da ƙirji, kada ku riƙa ɗagawa kuna leƙawa. In ya jiƙe ku ƙara wani a kai. Kada a zuba ƙasa, ko toka, ko man inji, ko garin magani. Muna ɓata lokaci mai yawa muna wanke abin da aka cusa kafin mu fara ɗinki. In wuƙa ta tsaya a jiki kada a zare. A kira 18, ƴan kwana-kwana, ko a sa shi a adaidaita. Lambar ƴan sanda 17.

Gaskiya_Ɗaci, ka ga wannan ba ya buƙatar ka yi faɗa da kowa. Bayan ka ji ƙarar moto ta yi nisa, mayafin matarka kaɗai zai iya tsai da jinin da zai kashe mutum.

Gaskiya_Ɗaci

Wannan kam na karɓa. Ban taɓa raba abin gida biyu ba, lokacin da suke nan da bayan sun tafi. Na biyun ba ni da hujja.

Badamagare_a_Maraɗi

Mu a Zinder mun ga wannan tun da daɗewa, da ƙungiyoyin samarin da ake kira pale, musamman wajen Kara-Kara. Su ma daga zaman fada abin ya faro, aka koma ɗaga ƙarfe, aka koma faɗan unguwa da unguwa da adda. Kame kaɗai bai kashe abin ba. Na san waɗanda suka bari don sun samu abin yi, wani tuƙin adaidaita, wani walda, wani kuma aure ya zaunar da shi. Shawarata kada ku yi wa kowace fada kuɗin goro. Mafi yawansu shayi ne da hira da karta, kuma su ne kaɗai idon da ya rage a waje bayan ƙarfe goma, tunda Baba ya ce zaure ya mutu. Ku jawo su jiki.

Uwa_Mai_Kuka

Na yi ta rubutawa ina gogewa. Ba zan faɗi unguwarmu ba. Ɗana na cikin irin yaran da kuke magana. Ban ce shi ya sari ƙanenki ba, yana gidan kaso tun kafin azumi, amma ya yi wa wani. Ya yi lakwal har aji uku na kwaleji, mai kunya ne, ko kaza ba ya iya yankawa. Da mahaifinsa ya rasu ya shiga dako a tasha, can aka koya masa tramol wai don kada ya gaji. Daga ɗaya ya koma abin da ban san adadi ba. Ya fara da tukunyata, ya sayar da buhun geron da ƙanena ya kawo mini, rannan na ga wayoyi uku ƙarƙashin katifarsa. Na san ba nasa ba ne. Na rufe bakina don ina tsoron a kashe mini shi a titi, irin yadda wani ya ce a sama.

Da na kai shi da hannuna tun ranar, da wanda ya sara bai sha wahala ba. Wannan nauyin yana wuyana. Ina kai masa abinci ranar ziyara, ya rame, amma idonsa ya dawo irin na da. Ɗiyata, ki yafe wa irinmu. Masu sayar da ƙwayar nan a kan tire, kowa ya san inda suke zama, yara ƙanana ma sun sani.

Ummin_Tagwaye

Wayyo Inna. Allah ya shirya miki shi, ya sanyaya zuciyarki. Ba ƙaramin ƙarfin hali kika yi ba.

Sai_Nijar227

Inna, ki gafarce ni. Da zafin rai na rubuta, ni ma an taɓa karɓe mini moto. Amma har yanzu ina nan kan bakana a kan sakin da ake yi musu.

Sakataren_Sintiri

A kan sakin, bari in faɗi abin da na gani, don ina cikin kwamitin sintirin layinmu a Sabon Gari. Sau biyu muna kama yaro mu miƙa. Na farko an sake shi, muka fusata, sai muka bincika: wanda aka yi wa ƙwacen bai koma ya ba da bayani ba, iyayen yaron sun je gidansu da dattawa an ce a rufa asiri. Ba mai ƙara, ba shaida, da me za a riƙe shi? Na biyu mai kayan ya tsaya, mu uku muka je muka yi shaida, abin ya kai gaban alƙali.

Yadda muke yi ba wuya. Mun je wajen mai unguwa ya sa mana hannu, ya sanar da hukuma sunayenmu. Kowane gida dala 100, wato sefa 500, a wata, mai hali ya ƙara. Muka sayi tocila shida da usur, muka sa fitila mai aiki da hasken rana a bakin lungu biyu. Ba ma ɗaukar adda, sanda kawai, kuma doka ce ba a dukan wanda aka kama. Abin da ya fi aiki shi ne usur ɗin. Mun raba wa gidaje, ko tsohuwa tana da nata. In ka ji kururuwa ba a ce ka fito ba, ka busa daga ɗakinka. Na kusa ya ji ya busa. In gida goma suka ɗauka lokaci guda, sai a fito tare. Matsalarmu ita ce gajiya: watan farko mu 20 ne, yanzu da ƙyar muke cika takwas, kuma damina na zuwa kowa zai tafi gona.

Ɗalibin_Jami'a

Sintiri yana da kyau in an riƙe doka irin taku. Na ga inda ƴan sintirin suka koma tare ɗalibai suna tambayar ina za ka, har da karɓar na goro. Ya kamata fitilun kan hanya su shiga lunguna, kada su tsaya bakin kwalta kawai. Wannan aikin ma'aikatar magajin gari ne, kuma haƙƙinmu ne mu je mu nema a rubuce, unguwa guda da sa hannun mai unguwa.

Baba_na_Bagalam

Usur ɗin ga ya yi mini. Da can ƙaho ne da ganga, in anka buga kowa ya san abin da ake nuhi. Ku sa mini ɗaya, ni ba ni barci da wuri.

Ɗiyar_ƊanGulbi

Na karanta duka, Allah ya biya kowa. Inna Uwa_Mai_Kuka, na karanta wa mahaifiyarmu naki, ta yi shiru, ta ce in gaya miki tana sa ɗanki a addu'a.

Infirmiya, ƙaramin yatsansa da na kusa da shi ba ya jin su sosai, gobe da safe za mu koma. Mun kai ƙara da lambar kwalin da takardun moto, an rubuta, an ce mu jira kira.

Jiya da magariba tsohuwar gida na uku ta shigo da kunu a kwano. Ta zauna bakin katifarsa ta kasa gaisuwa, sai hawaye. Ta ce ta gane muryarsa tun kiran farko. Ɗanta ya ɗauki sanda zai fita, ita ta tare ƙofa da jikinta ta ce sai dai ya bi ta kanta, don shi kaɗai ya rage mata. Ƙanena ya ce mata ba komai Iya, ya sha kunun. Ni ban iya ce mata komai ba, har yanzu ban san abin da ke raina game da ita ba.

Sakataren_Sintiri, a ina kuka sayi usur ɗin, kuma nawa ne guda? Lungunmu gida 16 ne.

Sakataren_Sintiri

Wajen masu kayan ƙwallo a babbar kasuwa, irin na alƙalin wasa. Ki ɗauki na ƙarfe, na roba ba ya daɗewa. Amma ki fara zuwa wajen mai unguwa da namiji babba daga gidanku, kada a ji busa cikin dare ba a san mafarinta ba. In kun sa rana ki faɗa a nan, zan zo da mutum biyu mu nuna muku yadda muke yi.

MaiKabuKabu_Tasha

Yaya, moton wace kala ce, kuma akwai wata alama jikinta? Ki rubuto mini ta akwatin sirri in baza wa abokai na tashoshi, har masu bin hanyar Tibiri da Ɗan Isa.